Garou: yadda ake zaɓen kifaye da tsirran da za su zauna lafiya a akwatin gilashi ɗaya

Duk safiya idan kwale-kwalen masunta suka dawo bakin gaɓa a yankin Garou, cikin ƙaramar hukumar Malanville da ke arewacin Jamhuriyar Benin, akan ware manyan kifaye a kai kasuwa, ƙananan kuma a shanya su ko a bar wa yara. Cikin waɗannan ƙananan akwai irin waɗanda ake sayarwa a shagunan kifin ado na Turai da Amurka da Japan. Daga Legas, ’yan kasuwa sun daɗe suna tura kifayen kogunan Afirka ta Yamma da ransu zuwa ƙasashen waje ta jirgin sama. Amma a nan bakin kogin Isa, wanda ake kira Kwara ko Neja, wanda ya yi sha’awar ajiye kifi a akwatin gilashi, wato akwariyum, a falo ko shago ko gidan abinci ko makaranta, sau da yawa ba ya samun mai nuna masa hanya. Sai ya zuba duk abin da ya burge shi wuri ɗaya, kafin mako biyu rabi sun mutu, rabi an cinye su, kuɗin gilashi da na famfon iska sun tafi a banza.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutuwar kifi a akwati tana da dalilai sanannu, kuma mafi yawansu tun ranar zaɓen kifin ake shuka su.

Garou tana jihar Alibori, gabas da garin Malanville, a fadamar kogin da ya raba Benin da Nijar, inda garin Gaya yake a ɗaya ƙetaren. Kogin ya taso daga tsaunukan Gini, tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,200, kuma yana ɗauke da nau’in kifi fiye da 200. Kogin Sota ma a kusa da Malanville yake shiga cikinsa. Wanda ke zaune a nan ba ya buƙatar jiran kifin da aka ɗauro a leda daga Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, kafin ya fara. Abin da yake buƙata shi ne sanin wane kifi zai iya zama da wane.

Dokar baki

Ƙa’ida ta farko kowane masunci ya san ta: kifi yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Matsalar ita ce a ranar da aka kamo su, ’ya’yan kifi duk tsawon yatsa ne, duk kuma abin sha’awa ne. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa masunci ba ta wuce wannan: idan ya girma, ina zai kai?

Giwan ruwa na iya kai mita biyu da nauyin da ya haura kilo 100, shi ne abin alfaharin masu gasar kamun kifi ta Argungu a jihar Kebbi. Tarwaɗa da ramboshi suna wuce mita ɗaya. Yauni da bargi da gaiwa duk manyan kifaye ne. Tsage kuwa haƙoransa kaɗai sun isa shaida. Minjirya tana sakin wutar da ta kai ɗaruruwan bolt, da ita take sumar da abin da za ta ci. Talibambam, mai kumbura ciki idan an taɓa shi, yana kai santimita 40, kuma yana gutsure fikafikan duk wanda aka haɗa su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da akwatin tarayya.

Ƙarfasa ba ta cin manyan kifaye, amma tana tone yashi, wasu nau’o’inta suna cinye tsirrai, kuma tana hayayyafa har akwatin ya cika. Akwai kuma ɗan’uwanta ƙarami mai launin ja da ɗigon shuɗi, wanda masana ke kira Hemichromis. Yana da kyau ƙwarai, sai dai idan ya yi ƙwai yakan kori kowa daga kusa, har ya kashe.

Abin da kifi ɗaya mai cin ’yan’uwansa ke iya yi an gan shi a tabkin Biktoriya na Afirka ta Gabas. An saka giwan ruwa a cikinsa a shekarun 1950 da 1960, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tabkin, ƙananan kifaye nau’i-nau’i har ɗaruruwa suka ɓace ko suka kusa ɓacewa. Idan haka ta faru a tabki mafi girma a Afirka, akwatin lita 100 ba zai ɗauki ko wata guda ba.

Abubuwa huɗu da ake dubawa bayan girma

Na farko, hali. Akwai kifi mai sanyin hali, akwai mai kare yankinsa, akwai mai cizon wutsiyar wasu. Kifi mai dogon fikafiki da ke tafiya a hankali, kamar namijin gupi, ba a haɗa shi da masu cizon fikafiki irin su kifin da ake kira barb mai zanen damisa, ɗan asalin Indonesiya. Namijin kifin faɗa na Tailan, wato betta, ba a haɗa shi da wani namiji irinsa, domin sai ɗaya ya halaka.

Na biyu, zaman garke. Kifaye da yawa a garke suke yawo, kamar yadda ake ganin kawara a bakin ruwa. Idan aka saka guda biyu kawai, tsoro zai hana su cin abinci, launinsu ya dushe. Irin waɗannan ana sa aƙalla shida. Gara nau’i biyu masu yawa da nau’i goma ɗai-ɗai.

Na uku, matakin ruwa. Wani kifi a saman ruwa yake rayuwa, wani a tsakiya, wani a ƙasa. Bakinsa yana nunawa: wanda bakinsa ya kalli sama a sama yake ci, wanda bakinsa ya kalli ƙasa kuma yana da gashin baki a kan yashi yake kiwo. Idan aka rarraba su a matakai uku, ba sa tsere kan wuri ko abinci.

Na huɗu, zafin ruwa. Mafi yawan kifayen ƙasashe masu zafi suna jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28. Jan kifin nan na Sin da ake yawan gani a hotuna cikin ƙwaryar gilashi ya fi son ruwa mai sanyi, yana girma fiye da santimita 20, yana kashi da yawa, yana kuma cin tsirrai. Shi ma ƙaramin kifin Amazon mai layin shuɗi da ja, neon, ya fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba. A Garou, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, waɗannan biyun wahala kawai za su sha.

Kifayen gida da suka dace

A magudanan gonakin shinkafa da ƙananan tabkuna da bakin fadama akwai wani ɗan kifi da bai wuce santimita huɗu ba, saman idonsa yana ƙyalli kamar fitila. Sunansa a wajen masana Poropanchax normani. Ba shi da faɗa, a garke yake yawo, ya saba da zafin yankin, kuma yana cin tsutsar sauro. A irin wuraren nan ake samun Epiplatys, ɗan siririn kifi mai faffaɗan kai da ke tsayawa cik a ƙarƙashin ganye yana jiran ƙwaro ya faɗo. Akwai kuma ƙananan barb na gida masu launin azurfa da layi baƙi a gefe.

Ga mai babban akwati, ƙurungu abokin zama ne nagari. Nau’o’insa suna da yawa a kogin Isa, wasunsu ma a rigingine suke iyo, ciki a sama, abin da mutanen tsohuwar Masar suka zana a bangon kaburburansu. Yana son wurin ɓuya da rana, da dare yake fitowa. A kula da ƙayoyinsa: suna sarƙewa a raga, suna kuma sukan hannu, don haka da roba ko kwano ake ɗebo shi.

Gwando, mai jiki kamar maciji da jerin ƙananan fikafikai a baya, yana da huhu, yakan hau sama ya shaƙi iska. Nau’in da ake kira Polypterus senegalus yakan kai santimita 30 a akwati. Ba ya neman rigima da wanda ya kai shi girma, amma duk wanda ya shiga bakinsa ya zama abincin dare.

Daga ƙasan kogin, wajen kudancin Najeriya da kudancin Benin, ake samun wasu guda uku da suka yi suna a duniya. Akwai kifin malam-buɗe-littafi, Pantodon, wanda ke shawagi a saman ruwa da fikafikai a buɗe, yana kuma tsalle, don haka dole a rufe akwatin. Akwai mai haɓa doguwa kamar haurar giwa, Gnathonemus petersii, wanda ke amfani da ’yar wutar lantarki marar ƙarfi wajen gane hanya a duhu. Wannan yana buƙatar yashi mai laushi da ruwa mai tsabta sosai, bai dace da sabon shiga ba. Akwai kuma Pelvicachromis pulcher na kudancin Najeriya da Kamaru, wanda ake kira kiribensis, macen tana da jan ciki, kuma shi ne mafi sauƙin hali cikin dangin ƙarfasa da ake sawa a akwatin tarayya.

Ƙasar Hausa ma tana da nata a littattafan masana: wani ɗan kifi da ake kira Pronothobranchius kiyawensis ya samo sunansa daga kogin Kiyawa na arewacin Najeriya. A kududdufan damina yake rayuwa, idan ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwansa ya zauna cikin busasshiyar laka har ruwan baɗi.

Baƙin kifaye masu juriya

Cikin kifayen da ake kawowa daga waje, gupi ne ya fi sauƙi. Ɗan asalin arewacin Amurka ta Kudu da tsibiran Karibiyan ne, ya samo sunansa daga Robert Lechmere Guppy wanda ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Haihuwa yake yi, ba ƙwai ba, kusan kowane wata. Ana sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, domin maza suna damun mace idan ita kaɗai ce. Moli da filati na Amurka ta Tsakiya ma haka suke, kuma suna jure ruwan rijiya mai ɗan gishiri-gishiri.

Gurami na kudu maso gabashin Asiya yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, abin da ya sa ya fi sauran jure ɗaukewar wuta. Daniyo mai zanen jakin dawa, ɗan Indiya, yana da ƙarfi da kuzari. A ƙasan akwati kuma akan sa koridoras, ƙaramin dangin tarwaɗa daga Amurka ta Kudu da bai wuce santimita bakwai ba. A garke yake zama, kuma ruwan da ya daɗe sama da digiri 28 yana gajiyar da yawancin nau’o’insa.

Misalai uku

Lissafin girman akwati ba wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 1,000, a sami lita. Ga ƙananan kifaye sirara, ma’aunin da aka saba shi ne santimita ɗaya na kifi ga kowace lita, kuma da girman da kifin zai kai ake lissafi. Inda ake zafi da ɗaukewar wuta, gara a tsaya ƙasa da haka.

Akwatin santimita 60 da 30 da 30 yana ɗaukar lita 54. Ya ishi masu idon fitila guda goma, ko gupi takwas, ba tare da wani ƙari ba.

Akwatin 80 da 35 da 40 yana ɗaukar lita 112. Ana iya sa kiribensis namiji da mace a ƙasa, tare da fasasshiyar tukunya da za su mayar ɗaki, ƙananan barb takwas a tsakiya, da Epiplatys uku ko huɗu a sama. Mai son baƙin kifi zai iya sa gurami biyu da daniyo takwas da koridoras shida.

Akwatin 120 da 40 da 50 yana ɗaukar lita 240. A nan ne gwando ɗaya da ƙurungu biyu da kifin malam-buɗe-littafi biyu za su zauna, da sharaɗin kada a saka wani ƙaramin kifi. A tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: da yashi da gilashi, wannan akwatin ya kusa kilo 300, teburin roba ko na katako marar ƙwari ba zai ɗauke shi ba. Gilashi mai kaurin milimita 6 ya isa akwatin lita 100, babba kuma yana son milimita 8 zuwa 10. Idan mai gilashi ya haɗa, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu kafin a shigar da shi ɗaki.

Tsirrai masu sauƙi

Tsiro a akwati ba ado kawai ba ne. Yana shan dattin da kifi ke fitarwa, yana ba da iskar oksijin da rana, yana hana gansakuka yaɗuwa, yana kuma ba ƙananan kifi wurin ɓuya. Tun a 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro suna iya raya juna a cikin gilashi, shekaru uku bayan haka, a 1853, aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan.

Mafi sauƙi a yankin shi ne wanda ke nutse cikin tabkuna ba tare da saiwa ba, mai ganye sirara kamar gashin wutsiya, Ceratophyllum. Ba a dasa shi, jefa shi kawai ake yi, yana girma da sauri, kuma jariran gupi a cikinsa suke tsira. Kainuwa, wadda Bahaushe ke cewa dashen Allah, tana yawo a sama, saiwoyinta suna shan datti sosai. Sai dai a riƙa rage ta duk mako, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan, in ba haka ba za ta tare haske da iska. Bado ma yana yi a babban akwati: a ɗora tushensa a kan yashi, kada a binne shi duka, a riƙa yanke ganyen da ya kai sama idan ana son ya tsaya gajere. Nau’in bado mai jan ganye da ɗigo-ɗigo da ake sayarwa a shagunan Turai ɗan Afirka ta Yamma ne.

Cikin waɗanda ake saya, Anubias ne sarkin haƙuri. Shi ma ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, nau’insa mafi shahara, Anubias barteri, yana ɗauke da sunan Charles Barter, masanin tsirrai ɗan Birtaniya da ya bi tawagar William Baikie a kogin Kwara, ya rasu a Rabba a 1859. Ganyensa yana da kauri, kifi ba ya iya cinsa, ba ya kuma son haske mai yawa. Kuskuren da ake yi shi ne binne kararsa a yashi, sai ya ruɓe. Da zare ake ɗaure shi a jikin dutse ko itace har saiwarsa ta kama. Haka ake yi wa tsiron Jaba, Microsorum, da ɗan’uwansa na Afirka, Bolbitis. Vallisneria kuwa, mai dogon ganye kamar ciyawa, a yashi ake dasa ta, tana yaɗuwa da kanta.

Fitilar LED fara ta awa shida zuwa takwas a rana ta ishi duk waɗannan. Hasken rana kai tsaye yana zafafa ruwa, yana kuma mayar da shi kore.

Hattara da tsargiya

Ɗebo tsiro daga tabki ko magudanar shinkafa yana da hatsarin da ya shafi lafiyar mutane. Ƙananan katantanwar ruwa da ke manne a ganye su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ta zama ruwan dare a garuruwan bakin kogi. Ƙwayar tana fitowa daga katantanwa ta shiga ta fatar wanda ya taɓa ruwan. Mai ɗebowa ya sa takalmin roba da safar hannu, kada kuma a aiki yara. A wanke tsiron, a cire duk katantanwa da ƙwanta mai kama da majina a bayan ganye, a ajiye shi a bokiti dabam na mako biyu ana dubawa. Ƙwayar da ta riga ta fito ruwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku da rai idan ba ta sami mutum ba, amma katantanwa ɗaya da ta tsira za ta ci gaba da sako sababbi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

Ruwa da makonnin farko

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin da ke ƙona matsatsar numfashin kifi, don haka a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya yi kwana ɗaya ko biyu. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan yi, idan an bar shi ya sha iska. Ruwan kogi da damina ja ne saboda laka, sai an bar shi ya kwanta, kuma kada a sa masa alif. A guji ruwan da ya gangaro daga gonakin auduga ko shinkafa ko albasa da aka yi wa feshi. Bokiti da soson akwati su zama nasa shi kaɗai, waɗanda ba su taɓa ganin omo ko sabulu ba.

Yashin kogi da aka wanke har ruwansa ya fito fari ya wadatar. Dutse kuma a ɗiga masa ruwan lemun tsami: idan ya yi kumfa, yana da farar ƙasa, a bar shi.

Sai babban abin da ya fi kashe kifin sabon akwati. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna mayar da ita nitirit, ita ma guba, wasu kuma su mayar da nitirit zuwa nitirat, wadda ba ta da illa sosai, tsirrai ma suna shanta. Waɗannan ƙwayoyin a cikin soson matata da yashi suke zama, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Shi ya sa ake fara akwati da ruwa da tsirrai da matata, ana jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowane kwana biyu, ba tare da kifi ba. Bayan nan a sa kifi kaɗan, a ƙara wasu bayan mako biyu. Wanda ya sami tsohon soso daga akwatin da ke aiki lafiya ya rage wa kansa jira.

Sabon kifi, na kogi ko na shago, ya fara zama a wani mazubi dabam mako biyu zuwa huɗu, a ga ko yana da farin ɗigo kamar gishiri a jiki ko yana goga jikinsa a dutse. Ranar shigar da shi, a ɗora ledar a kan ruwan akwati minti 20 zafinsu ya daidaita, a ɗebo kifin kaɗai, a zubar da ruwan ledar.

Bazara, hunturu da ɗaukewar wuta

Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 25, lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 8 na oksijin, a digiri 35 kuwa kusan 7, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Idan aka ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta yi ƙaranci. A ajiye akwati a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da rufin kwano. Fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku, a riƙa cike abin da ya ƙafe. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, domin sauyin gaggawa ya fi zafin illa.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi har ruwan ƙaramin akwati ya sauka ƙasa da digiri 20. Bargo da aka lulluɓa da dare yana taimakawa, murfi kuma yana tare ƙura.

Idan wuta ta ɗauke, a dakatar da ba da abinci. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko wanda aka haɗa da faranti mai amfani da hasken rana, yana ceton akwati. Idan babu, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubawa daga sama lokaci zuwa lokaci.

Maganin sauro na feshi da na ƙonawa guba ne mai ƙarfi ga kifi. Kafin a fesa ɗaki, a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf. Haka kuma kada a yanki gidan sauro mai magani a yi ragar kamun kifi da shi.

Abinci da kula

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Idan babu abincin kifin ado, a daka na tarwaɗa da masu kiwo ke amfani da shi, a haɗa da gara da shinge da tana da tsutsar sauro. Moli da ƙurungu suna cin ganyen zogale da aka ɗan tafasa. Burodi da tuwo da shinkafa suna ɓata ruwa. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a matse soson matata a cikin ruwan da aka ɗebe, ba a famfo ba, don kada kulorin ya kashe ƙwayoyin da aka sha wahalar tarawa. Ba a taɓa kwashe komai a wanke akwati gaba ɗaya.

Kogi ba juji ba ne

Idan gupi ya yi yawa ko tsiro ya cika, kada a zuba a kogi ko tabki ko magudana. Masunta da manoman shinkafa na yankin sun san ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jirage da magudanan ban ruwa: daga Amazon ta fito, kuma a matsayin furen ado aka yaɗa ta a duniya. Tsiron da aka rage a shanya shi ya bushe, kifin da ya yi yawa a ba wani mai akwati.

Kamun kifi da kiwonsa a Benin suna ƙarƙashin dokar da aka kafa a watan Agustan 2014, don haka mai niyyar mayar da kifin ado sana’a ya fara tuntuɓar jami’an kula da kamun kifi na Malanville da sarkin ruwan yankinsa. Shi kuwa mai akwati ɗaya a gida, abin da zai nema a wajen masunci kaɗan ne: kifaye goma masu rai a cikin bokiti mai tsabta, waɗanda aka ɗebo da sassafe kafin rana ta yi zafi, da kuma amsar gaskiya kan girman da kowannensu zai kai.